Tom Blake, marayan da ya ɗaura wa allon hawan igiyar ruwa fiffike

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon masu hawan igiyar ruwa a waya, ko a majalisar shayi a Sabonjida ta Tamale ko a Zongon Kwatano, ya ga yadda mutum ke tsayawa a kan allo, ruwa mai tsayin bene na biye da shi, shi kuwa yana karkata dama da hagu kamar mai babur a cunkoson kasuwar Aboabo. Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba yana ƙarƙashin allon, can wajen wutsiya. Wani ɗan abu ne mai kama da fiffiken kifi, da kaɗan ya fi tafin hannu, wani lokaci guda ɗaya, yau galibi uku. Da za a cire shi, yawancin wannan gwanintar da sai ta gagara. Mutumin da tarihi ya fi danganta wa wannan ƙirƙira shi ne Thomas Edward Blake, Ba'amurke wanda aka haifa nesa da kowane teku, kuma ya koma can ya mutu.

An haife shi ranar 8 ga Maris 1902 a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin. Yana da wata 11 a duniya tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa. Mahaifinsa ya miƙa shi ga dangi, aka yi ta riƙonsa daga wannan gida zuwa wancan, a Hibbing ta jihar Minnesota, da Ashland, sannan Washburn, wani ƙaramin gari a gaɓar tafkin Superior inda sanyi ke daskarar da ruwa a lokacin hunturu. Bai kammala sakandare ba. Annobar murar 1918, wadda ta ratsa duniya har da ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa an rufe makarantarsu, shi kuma bai koma ya ƙarasa ba. Ya shiga duniya, yana ɗafe jiragen ƙasa na dakon kaya, yana ƙwadago a inda ya samu, daga Detroit zuwa New York zuwa Miami.

A Detroit ne, cikin 1920, ya gamu da mutumin da ya juya masa rayuwa. Duke Kahanamoku, ɗan asalin tsibiran Hawaii, yana kan hanyar komawa gida daga gasar Olympics ta Antwerp, inda ya sake cin zinare a ninƙayar mita 100 kamar yadda ya yi a Stockholm a 1912. Ya shiga wani gidan sinima tare da abokan wasansa don kallon hotunan gasar. Blake, saurayi ɗan shekara 18 da ba shi da sana'a, ya tare shi a zauren shiga ya miƙa masa hannu, Duke ya karɓa da fara'a. Gaisuwar ke nan, babu ƙari. Amma daga ranar yaron ya ƙudurta cewa a ruwa zai nemi abincinsa.

Shekara ta zagayo yana Los Angeles. Ya sami shiga ƙungiyar ninƙaya ta Los Angeles Athletic Club, yana atisaye kamar mai biyan bashi. A 1922 ya tafi Philadelphia ya lashe gasar ƙasa ta dogon zango, mil 10, wato kimanin kilomita 16, a kogin Delaware. Lambar yabo ba ta cika ciki, saboda haka ya kama aikin gadin bakin teku a Santa Monica, aikin ceto masu nutsewa. Lokaci-lokaci kuma masu shirya fim na ɗaukarsa ya tsaya a madadin jarumi a wuraren da ake tsoron haɗari a ruwa. Ya gwada hawan allo tun 1921, igiyar ruwa ta maka shi da ƙasa, ya bar abin har shekara uku. A 1924 ya sake gwadawa, wannan karon abin ya shiga jininsa, kuma a shekarar ya hau jirgin ruwa zuwa Honolulu.

Allunan sarakai a gidan tarihi

Hawan igiyar ruwa tsohuwar al'ada ce a Hawaii, tun kafin Turawa su san da tsibiran. Maza da mata, sarakai da talakawa, kowa na yi. Talaka na hawan gajeren allo da suke kira alaia, sarakai kuma na da dogo mai kauri, olo, wanda ba kowa ke da izinin hawansa ba. Daga 1820 'yan mishan suka iso daga Amurka suna ƙyamar wasan saboda tsiraici da cacar da ke tafe da shi. Cututtukan baƙi suka rage yawan 'yan ƙasa ƙwarai, gonakin rake suka cinye ƙasa da lokacin mutane. A 1893 aka kifar da sarautar tsibiran, a 1898 Amurka ta haɗe su. Lokacin da Blake ya iso wasan ya fara farfaɗowa a gaɓar Waikiki a hannun su Duke da 'yan uwansa, amma dogayen allunan sarakai sun zama kayan kallo.

Wasu daga cikinsu na gidan adana kayan tarihi na Bishop a Honolulu, ciki har da na wani basarake mai suna Abner Paki, mahaifin gimbiya Bernice Pauahi wadda aka kafa gidan domin tunawa da ita. Rana da ruwan sama sun ci su, fenti ya rufe su. Blake ya nemi izini ya kankare su ya gyara, ya auna tsawo da faɗi da kauri. Babban cikinsu ya kusa mita 5, nauyinsa wajen kilo 70. Ya koma Kaliforniya ya sassaƙa irinsa da jan katako, sai ya tarar da abin da kowane kafinta zai iya gaya masa: gungumen ya yi nauyi. Ya ɗauko abin huji ya yi masa ɗaruruwan ramuka daga sama har ƙasa, ya rufe fuskokin biyu da siririn katako. Nauyin ya sauko zuwa wajen kilo 45.

Da wannan allon ya shiga gasar farko ta gaɓar Pacific da aka yi a Corona del Mar a 1928. 'Yan kallo sun yi masa dariya da suka ga tsawon abin da ya ɗauko, shi kuwa ya ci gasar. A ƙarshen shekarun 1920 ɗin ne kuma shi da abokinsa Sam Reid suka zama na farko da aka sani sun hau igiyar ruwan Malibu, lokacin wurin gonar wani iyali ce mai shinge da masu gadi. Yau Malibu na cikin wuraren da suka fi cunkoson masu allo a duniya.

Bai tsaya kan huji ba. Ya daina sassaƙa gungume gaba ɗaya, ya koma haɗa ƙashin allo da haƙarƙarin katako, kamar yadda ake ƙera fiffiken jirgin sama, sannan ya lulluɓe shi. Cikin allon ya zama iska zalla, da ɗan marfi a gefe guda don zubar da ruwan da ya ɗiga ciki. Nauyi ya sake raguwa da kusan rabi. Yaro ko mace na iya saɓa shi a kafaɗa zuwa bakin ruwa, abin da a da sai ƙato. Ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a 1931, gwamnatin Amurka ta ba shi a 1932, kamfanin Thomas Rogers da ke Venice a Kaliforniya ya fara ƙera allunan don sayarwa.

Nasarar ta zo da ɗaci. A 1929 da 1930 ya shiga tseren tuƙa allo da hannu a mashigin ruwa na Ala Wai a Honolulu, ya karya tarihin da 'yan gari suka kafa, ba da ƙaramar tazara ba. Suka yi ƙorafi cewa abin da ya hau ya fi kusa da kwalekwale, don haka tseren bai zama na adalci ba. Suna yi wa allon laƙabi da sigari saboda tsawonsa da tsininsa. Ƙorafin nasu yana da tushe. Wasan gadonsu ne, kuma yana cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannunsu bayan ƙasa da sarauta sun tafi, sai ga baƙo ya ɗauki siffar allon kakanninsu ya zo ya kayar da su da ita a gida. Shi ma Blake bai yi maguɗi ba, dabara ya yi a inda doka ba ta hana ba. Zumunci ya yi sanyi tsakaninsa da wasu abokansa, ya janye daga tsere a Hawaii. A 1932 ya nuna abin da allon zai iya a wani wuri dabam: shi da Pete Peterson da Wally Burton suka tuƙa da hannu daga gaɓar Kaliforniya zuwa tsibirin Catalina, fiye da kilomita 40 a buɗaɗɗen teku, Blake ya fara isa cikin ƙasa da awa 6.

Abin da shi kansa ya fi alfahari da shi game da allon shi ne ceton rai. Tun a Yunin 1925 Duke Kahanamoku ya nuna hanya, ranar da wani jirgin masunta mai suna Thelma ya kife a mashigin Newport Beach, ya yi ta kai da kawowa a kan allonsa har ya fito da mutum 8. Amma allon Duke gungume ne da sai irinsa ke iya sarrafawa. Na Blake mara nauyi ne, ya fi mai iyo sauri nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar mutum biyu. Wanda ya san yadda mai nutsewa ke maƙure mai cetonsa har su tafi tare, kamar yadda ake ji duk shekara a tafkin Volta da kogin Kwara, zai gane darajar abin da zai shiga tsakanin mutanen biyu, wanda mai firgita zai rungume a maimakon wuyan wani. Masu gadin bakin teku a Amurka suka karɓe shi, ya kai har Ostareliya. Blake ya kuma ƙera wata gorar ceto ta alminiyam mai tsini biyu da igiya, wadda mai ceto ke ja yana iyo. Irinta ta roba ce ake gani yau a hannun masu gadin teku.

Ƙarfen da ya cire daga mataccen jirgi

Allon da, ko gungume ko mai rami, sumul yake a ƙasa. Idan igiyar ruwa ta taho, mai hawa yakan miƙe ya nufi gaɓa kusan kai tsaye, ko ya ɗan karkata kaɗan. In yana son juyawa sai ya zura ƙafa ɗaya cikin ruwa yana ja, kamar yadda mai zama a bayan kwalekwale a Yapei ko Yawuri ke nitsa itacen tuƙi ya riƙe don ya daidaita hancin jirgi. Muddin igiyar mai sauƙin gangare ce, irin ta Waikiki, wannan ya wadatar. Matsalar na zuwa ne idan ruwan ya miƙe kamar bango. Mai hawa na son ya bi bangon a kaikaice, ya tsere wa farin kumfan da ke rushewa a bayansa, sai wutsiyar allon ta sulluɓe gefe, allon ya juya ya ba ruwa haƙarƙari, mutum ya faɗa. A wancan zamani babu igiyar da ke ɗaure allo da ƙafa, don haka faɗuwa na nufin doguwar ninƙaya zuwa gaɓa, gungumen kuma ya tafi yana neman kan wanda zai fasa. Allon Blake mai rami ya fi na da wannan cutar, domin yana zaune ne a saman ruwa kamar gora, gefunansa kuma a miƙe suke kamar akwati.

A 1935 ya ga wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji da aka yasar a Honolulu. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙarfe da masu ƙera irin waɗannan jirage ke sawa don kada bayan jirgi ya zame idan an sha kwana da gudu. Blake ya kwance shi, ya ɗaure a wutsiyar allonsa. Tsawonsa wajen santimita 30 ne, zurfinsa cikin ruwa wajen 10. Ya shiga teku da shi a Waikiki. Da fari abin ya ba shi haushi, domin allon ya ƙi juyawa da sauƙin da ya saba yayin tuƙi da hannu. Da ya kama igiyar ruwa sai ya ji bambancin: wutsiya ta tsaya inda ya ajiye ta, allon ya bi layin da ya zaɓa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya taɓa zura tafin hannu cikin ruwa daga jirgi mai tafiya ya san cewa in ya miƙa shi ta gefen kaifi, ruwa na wucewa salin-alin, in ya ɗan karkata shi kuwa sai ya ji ruwan na tura hannun gefe da ƙarfi. Fiffiken allo haka yake. Yana yanka ruwa ta gaba ba tare da ya rage gudu sosai ba, amma da zarar wutsiya ta fara zamewa gefe, ruwa ya bugi faɗinsa ya mayar da ita. Da yake a baya aka dasa shi, sai ya zama kamar turken da sauran allon ke juyawa a kansa: mai hawa ya taka baya, ya karkata jiki, hanci ya juya, wutsiya na riƙe. Ƙarin gudu na ƙara ƙarfin riƙon. Fiffike mai zurfi ya fi riƙo amma yana taurara juyi, gajere na sakin allo ya yi wasa amma yana iya suɓucewa. Duk gardamar da masu ƙera alluna suka yi ta yi daga baya a tsakanin waɗannan biyun take.

Blake bai nemi takardar mallaka a kan fiffiken ba, kuma bai ci ko sisi daga gare shi ba. Mutane ma ba su rungume shi nan take ba. Wasu na ganin ƙarfe a ƙarƙashin allon da ke iya kuɓucewa wuƙa ce a cikin taron masu wanka, tsoron da yake da hujja, domin har yau fiffike na cikin abubuwan da suka fi yanka masu wannan wasa. Wasu kuma na ganin gwanin gaske ba ya buƙatar taimako. A 1937 wasu samarin Honolulu, John Kelly da Fran Heath da Wally Froiseth, suka bi wata hanya dabam: suka sa gatari suka tsuke wutsiyar allo ta koma kamar ƙirjin jirgi, ta riƙe ruwa ba tare da fiffike ba. A daidai wannan lokaci, can a San Diego, Woody Brown, wanda ya san sirrin fukafukan jiragen sama marasa inji, ya ɗaura wa allonsa nasa ɗan fiffiken ba tare da ya kwaikwayi kowa ba. Shi da bakinsa ya bar wa Blake fifikon farawa.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zauna. Yaƙin ya bar wa duniya zaren gilashi da gam mai tauri, waɗanda suka sa ana iya manna fiffike ya zama jiki ɗaya da allo. Bob Simmons da Joe Quigg da Matt Kivlin a Kaliforniya suka ƙera alluna marasa nauyi masu fiffike mai zurfi, kafin ƙarshen shekarun 1950 kuwa da wuya a ga allo ba shi. A shekarun 1960 George Greenough ya kwaikwayi wutsiyar kifin tuna ya fito da dogon fiffike siriri mai lanƙwasa, wanda Nat Young na Ostareliya ya ci gasar duniya da irinsa a San Diego a 1966. Mark Richards ya ci kambun duniya sau huɗu a jere, 1979 zuwa 1982, da fiffike biyu. A 1980 Simon Anderson ya jera uku, biyu a gefe ɗaya a tsakiya, ya ci babbar gasar Bells Beach da su a 1981, kuma tsarinsa ne ya fi yawa har yau. Daga shekarun 1990 aka koma ga fiffiken da ake kwancewa da ɗan makulli, a canza wani gwargwadon yanayin ruwa, ko a sa a jaka in za a hau jirgin sama.

Akwai wani reshen kuma. Tun farkon shekarun 1930 Blake ya gwada kafa wa allonsa sanda da ƙyallen kama iska, bayan ya fara da laima. Nasa bai yi nisa ba. Wasan da aka sani yau, inda mutum ke tsaye yana riƙe da ƙyallen a hannu, ya jira mahaɗin da ke barin sandar ta karkata kowane gefe, wanda Newman Darby ya gwada a 1964, sannan Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka nemi takardar mallakarsa a 1968. Ya shiga Olympics a Los Angeles a 1984, shekaru da yawa kafin hawan igiyar ruwa kansa ya shiga a gasar Tokyo da aka yi a 2021. A irin wannan allo aikin fiffike ya fi nauyi, domin iska na tura ƙyallen gefe ne, fiffiken ne ke turjewa ya mayar da turin ya zama tafiya gaba. Shi ya sa na allunan tsere ke kaiwa santimita 70. In iska ta shiga tsakanin fiffiken da ruwa, riƙon ya ɓace nan take, wutsiya ta sulluɓe, ainihin ciwon da Blake ya nemi magani a 1935.

Shekarar 1935 ɗin ta kasance mai albarka gare shi ta wasu fuskoki. Tun 1929 ya sayi kyamara daga hannun Duke ya ƙera mata akwatin da ruwa ba ya shiga, yana ɗora ta a kan allo yana ɗaukar masu hawa daga cikin teku. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a 1935, kuma a shekarar ya fitar da littafinsa Hawaiian Surfboard, wanda ake ɗauka a matsayin littafi na farko da aka keɓe wa wannan wasa, inda ya tattara tatsuniyoyi da tarihin mutanen tsibiran tare da bayanin sassaƙa. Bayan shekara biyu ya buga zanen allonsa mai rami dalla-dalla a mujallar Popular Mechanics, duk mai zarto da guduma ya ƙera nasa. Mai neman arziki ba haka yake yi da takardar mallaka ba.

Gaɓar Ghana tana da nata tarihin

Labarin da aka saba bayarwa shi ne daga Hawaii wasan ya tafi Kaliforniya, daga can ya bazu duniya, har ya iso Afirka a jakar Turawa. Fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown, wanda ya fito a sinimomi a 1966, ya ƙarfafa wannan. Ya nuna Amurkawa biyu, Mike Hynson da Robert August, ɗauke da alluna masu fiffike a tsibirin Ngor na Dakar, da Labadi a Accra, da gaɓar Najeriya, ana gabatar da su kamar su suka fara kawo abin. Rubutattun shaidu sun ƙaryata haka. A shekarun 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya rubuta yadda ya ga yara a kan alluna cikin teku a gaɓar da ake kira Gold Coast. A 1834 James Alexander, wani hafsan Birtaniya, ya ga yaran Accra suna kwanciya a kan katako mara nauyi suna jiran igiyar ruwa ta kawo su gaɓa. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara irin waɗannan shaidu a littafinsa Undercurrents of Power na 2018. Masuntan Fante da Ga, waɗanda kullum sai sun keta igiyar ruwa da kwalekwale kafin su kai ga kifi, ba su jira wani ya koya musu karanta teku ba.

Abin da ya zo daga waje shi ne allon zamani da fiffikensa. Yau ana hawa a Busua da Kokrobite a Ghana, da Tarkwa Bay a Legas, da Ngor da Ouakam a Dakar, kuma yawancin alluna da fiffikensu daga ƙetare ake kawo su, sau da yawa na hannu. Fiffike ɗaya ya karye a kan dutse, allo ya zauna har sai an sami wani ko an yi masa dabara.

Shi kuwa Blake, rayuwarsa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Ya yi aure sau ɗaya, a 1925, auren bai yi ƙarko ba, bai kuma bar ɗa ba. Ya daina cin nama tun yana saurayi, a zamanin da ake yi wa mai yin haka kallon mai taɓin hankali. Gajeren wando, tsohuwar mota, kwana a bakin ruwa, aiki gwargwadon abin da zai ci: salon da samarin Kaliforniya suka mayar da shi ado daga baya, har kamfanoni suka yi arziki da sayar da kamanninsa, a wajensa talauci ne da ya zaɓa da kansa. A lokacin yaƙi ya shiga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka yana koyar da iyo da ceto. A 1955, ganin yadda otal-otal da jama'a suka cika Waikiki, ya bar Hawaii. Ya ci gaba da gadin bakin ruwa a Florida har ya haura shekara 60.

A 1967 ya koma Wisconsin. Shekaru da dama yana kwana cikin motarsa a gaɓar tafkin Superior, yana iyo a ruwan sanyi, yana koya wa yaran gari ninƙaya da tuƙa allo, in hunturu ya matsa ya gangara kudu. Ya shagala da tunani kan halitta, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Voice of the Atom, har ya sassaƙa a jikin wani dutse a bakin tafkin wata gajeriyar jimla da ke daidaita halitta da Mahalicci, ra'ayin da Musulmi ko Kirista ba zai bi shi a kai ba. Masu tarihin wasan sun riƙa nemansa har can, ya ba su hotuna da takardunsa, daga cikinsu Gary Lynch ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2001 tare da Malcolm Gault-Williams.

Ya rasu ranar 5 ga Mayu 1994 a Ashland, yana da shekara 92, shekara 26 bayan Duke Kahanamoku. An binne shi a Washburn, garin da ya tashi, nesa da kowane teku.